Hazo ne ko hayaƙinmu ne? Muhawara kan iskar da muke shaƙa

Malamar Asibiti (Kano):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu zauna a kanta. Duk shekara da hunturu ya kankama, yara masu tari da numfashi sama-sama sukan cika asibiti, kuma duk uwar da ka tambaya amsarta ɗaya ce: sanyi ne ya shige shi, ko kuma hazo ne. Ban musa ba. Amma idan na ci gaba da tambaya, da me kike girki, a ina murhun yake, ina ake ajiye inji, ana kwana da gawayi a ɗaki ko ba a yi, sai in tarar abu mai yawa da ke cikin ƙirjin yaron a cikin gida aka samar da shi. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a 2018 ciwon nimoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan 162,000 a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yaran da irin wannan ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin cikin gida ne sila. Me ya sa muke ɗora wa hazo komai, mu ƙyale hayaƙin da hannunmu ya kunna?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam Malama. Ni fa ina girmama aikinku, amma wani lokacin kuna tsorata mutane. Kakata da itace ta yi girki tun tana yarinya har ta tsufa tukuf, ta ga 'ya'yan jikokinta. Hazo kuwa tun kafin a haifi kakannin kakanninmu yake sauka. Yanzu ne ya zama cuta?

Malamar Asibiti (Kano):
Allah ya jiƙan Iya. Amma Alhaji ka tambayi manyan gidanku, a cikin 'ya'yan da ta haifa nawa ne suka rayu? Kuma a ƙarshen rayuwarta yaya idanunta da ƙirjinta suke? Tsofaffi mata nawa muke gani da tarin da ba ya jin magani, alhali ba su taɓa riƙe karan taba ba. Idan an duba sai a ga huhun ya lalace irin na mashaya sigari. Sannan Iya a tsakar gida mai faɗi ta yi nata girkin, iska na kaɗawa. Yau gidan haya ne, ɗaki ciki da falo, murhu a bakin ƙofa, injin maƙwabci a bayan taga.

Injiniya:
Bari in raba abubuwan biyu, don kowannenku yana da gaskiya. Ƙurar hunturu yawancinta daga ƙasar Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Asalinsa gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe, ƙasar wurin fara ce mai laushi. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. Masana na ɗaukar wurin a matsayin inda ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wata takan tsallake teku ta sauka a dajin Amazon. Wannan kam ba mu da iko a kansa.

Abin da ake aunawa a iska shi ne ƙananan ɓurɓushin da ake kira PM2.5. Sun fi silin gashi siranta wajen sau talatin. Manyan ƙwayoyin ƙura hanci da maƙogwaro kan tare su, ka fyace ko ka yi kaki su fita. Waɗannan ƙananan kuwa har can ƙarshen huhu suke isa, wasu su ratsa cikin jini. Ƙurar hamada tana ɗauke da nata kason, amma hayaƙin wuta kusan dukkansa irin wannan ne. Shi ya sa illar ba ta tsaya a tari ba, tana kaiwa ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. A 2013 hukumar binciken sankara ta duniya ta saka gurɓatacciyar iskar waje cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Kuma ga inda hunturu ke yi mana illa biyu. Da sanyin asuba iskar da ke ƙasa ta fi ta sama sanyi, don haka ba ta tashi. Duk hayaƙin da aka yi daga magariba zuwa safiya nan yake kwanciya daidai hancinmu. Wanda ke fita sallar asuba ya san wannan warin. Abin da muke gani fari-fari a kan titi da safe mu ce hazo, cakuɗe yake da hayaƙin bola da na salansa.

Maman Khalifa:
To Injiniya mun ji karatu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da gas nake girki a da, wallahi har na manta yadda ake hura wuta. Kuɗinsa ya yi ta hawa, aka zo aka cire tallafin mai a 2023, komai ya bi. Yanzu silindata tana bayan ƙofa, na koma gawayi, ranar da babu na gawayin in koma itace da ƙirare. Babu macen da ke sha'awar idonta ya yi ta zubar da ruwa a gaban murhu. Idan za ku ce mu bari, ku faɗa mana da me za mu dafa wa yara tuwo.

Malamar Asibiti (Kano):
Hajiya wallahi ban zo in ga laifin kowa ba, ni ma a gidanmu kurfoti ya dawo. Ba cewa nake a bari ba. Akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi. Idan da hali a fito da murhu fili, a daina girki a ɗakin da ba shi da taga. A sauke goyo kafin a hau hura wuta, a ba wani ya riƙe shi can nesa, domin yaron da ke baya fuskarsa tana saitin hayaƙin, kuma jariri ya fi babba saurin numfashi, ya fi shi kwasa. Itacen ya zama busasshe. Sannan don girman Allah a daina kama wuta da leda da tsohon silifa. Wannan ya zama ruwan dare, mace ta narka leda a kan gawayi ta sunkuya tana fifita.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin mai jego. A rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma don kada sanyi ya shiga, a ajiye kaskon gawayi, a zuba turaren wuta, da dare a ƙara igiyar leƙo saboda sauro. Jaririn da bai kai arba'in ba a ciki. Duk soyayya ce ta sa aka yi, na sani. Amma huhun da bai gama ƙwari ba ne yake ɗaukar wannan duka.

Maman Khalifa:
Wannan na goyo kam gaskiya ne, kuma zan iya. Amma ɗakin jego sai kin je kin faɗa wa kakanni da bakinki. Ni dai ban isa in ce wa surukata a fitar da kasko ba.

Likita:
Ku ba ni dama in tsaya a kan kaskon nan da inji, don su ba sa jiran shekaru, a dare ɗaya suke gamawa. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita ke kama shi sau sama da 200, sai jini ya ci gaba da zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Mai barci ba ya farkawa ya ji shaƙewa, barcin ne kawai yake zarcewa. Kowa a nan ya taɓa jin labarin gidan da aka wayi gari ba su buɗe ƙofa ba, aka ɓalla aka tarar da su, inji a cikin kicin ko a lungun banɗaki saboda tsoron ɓarayi. Sau da yawa sai a ce guba aka sa musu a abinci, ko a ce iskokai ne.

Alamar da nake so kowa ya riƙe ita ce wannan: idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi gaba ɗaya da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuma suka ji sauƙi bayan sun fita waje, kada a tsaya neman maganin zazzaɓin cizon sauro. A buɗe ko'ina, a kashe inji, a fitar da garwashi, a tafi asibiti. Inji ba ya zama cikin gida, ba ya zama a soro a rufe, ba ya zama ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, naka ko na maƙwabcinka. Gawayi kuwa idan an ɗumama ɗaki a fitar da shi kafin a kwanta.

Baban Yusra:
Likita wannan na yarda da shi ba musu. To amma a ina zan ajiye? A waje a sace. A shago kuwa layinmu kowa da nasa injin a bakin ƙofa, idan an ɗauke wuta sai ka ga layin ya yi shuɗi. Ka kashe naka ka zauna a duhu, kana kuma shaƙar na mutum ashirin.

Injiniya:
Alhaji a nan ne hujjarka ta fi ƙarfi, domin wannan ba abin da mutum ɗaya zai gyara ba ne. Akwai kasuwannin da 'yan layi suka haɗa kuɗi aka sa inji babba guda a can gefe, ko aka sa sola ana biya kullum. A kasuwar Sabon Gari ta Kano an fara irin wannan tsari na sola ga shaguna tun wajen 2018. Tela da mai sayar da yadi da mai cajin waya ba su buƙatar wuta mai nauyi, fitila ce da fanka.

Kuma ba injin kaɗai ba ne, har da abin da ake zuba masa. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka, ta tarar da man dizal mai sinadarin sulfa har ninki 378 na abin da aka yarda da shi a Turai. Da gangan ake haɗa mai ƙazanta a kawo mana saboda dokokinmu na wancan lokacin sun ba da dama. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a rage sulfa ɗin sosai. Kuma kada a ce ba a iya gyara: fetur mai dalma, wanda ke dakushe ƙwaƙwalwar yara, an daina sayar da shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006. Babu direban da aka ce ya ajiye motarsa, man aka canza.

Mai Adaidaita:
Na gode da ka faɗi wannan Yallaɓai, don kullum mu ake nunawa da yatsa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 muka yawaita, gaskiya ne. Amma wa ya fi mu shaƙa? Daga safe zuwa dare muna bayan salansar tirela da tipa, ba gilashi ba komai. Idan na dawo gida na fyace hanci baƙi ne. Wanda kuka ga nasa yana hayaƙi, ringi ne ya mutu, kuma ya sani. Balas ɗin mai shi, kuɗin haraji, kuɗin mai, ina ya ga na gyara?

Ɗan Fatakwal:
Salam. Ni ina Fatakwal ina harkar kayan gwari. Ku da kuke gardama ko hazo ne ko hayaƙi, mu a nan babu hazon da za a fake da shi. Tun ƙarshen 2016 baƙin toka ya fara sauka a garin. Ka shanya farar riga ka dawo ta yi dishi-dishi, ka share ɗaki ka rufe, da safe tafin ƙafarka baƙi ƙirin. Tumatirin da muka kasa ma sai an goge. Yawanci daga masu dafa ɗanyen mai a ɓoye cikin fadamu yake fitowa, da kuma ƙona wanda aka kama. A 2018 mutanen gari suka fito zanga-zanga a kai. Da gwamnatin jihar ta matsa wa masu dafa man a farkon 2022, kowa ya ga sararin sama ya washe. Abin da na koya shi ne mutanen nan ba su ce ƙaddara ba ce su yi shiru. Likitoci da lauyoyi da iyaye mata ne suka yi ta magana har aka ji.

Injiniya:
Kuma ba Fatakwal kaɗai ba. Bankin Duniya ya yi bincike a Legas, ya ƙiyasta cewa a 2018 gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200, kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ma'aunin PM2.5 na garin ya kai wajen 68 a shekara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin 10 ce, a 2021 ma ta mayar da ita 5. A jerin da hukumar ta fitar a 2016 na biranen da suka fi ƙura, Anaca ce ta ɗaya, Kaduna ma tana cikin na gaba-gaba. Birni kamar Kano ya kamata a ce akwai na'urorin awo a Bompai, Sharaɗa, Challawa da cikin ƙwaryar birni, a riƙa faɗar sakamakon a rediyo kowace safiya, mai asma ya san ranar da zai rage fita.

Maman Khalifa:
Ni bola ce matsalata. Jujin da ke bayan layinmu idan ya cika ba mai kwashewa, sai wani ya cinna masa wuta da yamma. Leda, famfas, tsofaffin katifu, batir. Ya kwana yana ci a hankali. Khalifa yana da asma, duk daren da aka kunna ba ma barci.

Malam Mai Almajirai:
Hajiya Allah ya ba shi lafiya. Wannan kam ba maganar talauci ba ce, maganar haƙƙi ce. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Wanda ya kunna bola ya tafi gidansa ya kwanta, ya bar ɗan maƙwabci yana neman numfashi, ya ɗauki alhaki ko bai sani ba. Ki sa maigidan ya samu mai unguwa da limamin masallacinku. Mu ma a tsangaya mun san zafin abin, yara suna kewaye wutar kara da dare suna karatu, idanunsu jajir. Da muka samu fitilar sola sai wutar ta koma ta jin ɗumi kawai, muka matsar da ita gefe.

Ɗan Sarkin Fawa:
Tun ɗazu nake jira a zo kanmu, gara in riga ku. E, ana babbaka da taya a kwata da yawa, kai da ƙafa da ganda. Ni ban ce daidai ba ne. Mu da muke tsaye a kan wutar mu muka fi kowa sanin abin da take yi wa ƙirji. Dalili shi ne taya ɗaya tana yin aikin da damin itace ba zai yi ba, ga arha. Idan ni na koma itace na ƙara kuɗi, mai saye zai wuce wurin na kusa da ni.

Likita:
Na ji daɗin da ka fito ka faɗa da kanka. Hayaƙin taya yana ɗauke da sinadaran da ke jawo sankara da kuma ƙarafa masu guba, wani ya tafi iska, wani ya zauna a fatar da za a ci. Kuma abin da ka faɗa shi ne ainihin matsalar: mutum ɗaya ba zai iya bari shi kaɗai ba. Sai dai ƙungiyarku ta yanke a daina rana ɗaya, kowa da kowa, farashi ya tashi tare. Akwai bututun wuta mai aiki da gas da wasu mahauta ke babbaka da shi, ya fi sauri kuma naman ya fi tsabta.

Ɗan Zango (Accra):
Irin wannan muka gani a Agbogbloshie, wata unguwa a nan Accra. Samari, yawancinsu 'yan arewacin Gana, suna ƙona wayoyin lantarki da taya don su ciro jan ƙarfe, hayaƙin yana bi ta kan kasuwar albasa da doya. A 2021 aka rushe wurin. Ƙonawar ba ta tsaya ba, ta watsu ne zuwa wasu unguwanni. Idan za a hana mahauta ko 'yan gwangwan, a fara tanadar musu abin da za su koma.

Ba Maraɗe:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ba ku taɓo itatuwan ba. Kowane buhun gawayi da ya shigo birni, wata bishiya ce ta faɗi a ƙauye, kuma yanzu har kaɗanya da ɗorawa ake sarewa, waɗanda iyayenmu ba sa taɓawa. Ƙasar da ta rasa itace kuwa ita ma ƙura take tayarwa, ba sai ta Chadi ba. Mu nan mun ɗanɗana bayan farin shekarun 1970 da 1980, iska tana binne shuka sai an sake. Abin da ya taimake mu shi ne manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon gawo da sabara da kalgo su tashi, suna yi musu sassabe. A jihohin Maraɗi da Damagaram an ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo ta wannan hanya. Matan ƙauye suna samun itacen girki daga rassan da aka rage, ba a kashe uwar ba.

Baban Yusra:
To ni dai har yanzu ina nan a kan cewa hazo ma yana kwantar da mutane. Sanƙarau ai lokacinsa ke nan, wanda ya ga 1996 a Kano ba zai manta ba.

Likita:
Haka ne Alhaji, ba wanda ya wanke hazo. Busasshiyar iska da ƙura suna farfasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu hanya, ga cunkoso a ɗaki ba taga. Shi ya sa ake yin allurar rigakafin sanƙarau. Abin da Malama take faɗa shi ne ƙirjin da hayaƙi ya riga ya gajiyar, shi hazo ya fi kayarwa. Ranar da ƙura ta yi yawa mai asma da tsofaffi su sa takunkumi, irin N95 idan an samu, domin na yadi manyan ƙwayoyi kawai yake tarewa. A yayyafa ruwa kafin shara.

Maman Khalifa:
Likita tambaya ta ƙarshe. Wannan abin shaƙar na asma, mutane suna ce mini kada in saba masa, wai idan ya saba ba zai iya rabuwa da shi ba. Shi ya sa sai abin ya yi tsanani nake ba shi.

Likita:
Hajiya ba gaskiya ba ne, ba ya sa sabo. Jinkirin ne yake da haɗari. Da kin ji ƙirjinsa ya fara shewa ki ba shi yadda aka rubuta miki. Idan kina ba shi a kai a kai cikin mako, ki koma asibiti a duba ko yana buƙatar na kullum mai hana tashin ciwon. Idan kuwa kin ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya kasa magana, ko leɓensa ya sauya launi, ko tsakar dare ne ku fita. Daren da aka kunna jujin kuma ki mayar da shi ɗakin da ya fi nisa da wajen, ki rufe tagar ɓangaren.

Ɗan Sarkin Fawa:
Injiniya ko Likita, wanda ya san inda ake sayar da bututun gas ɗin nan a Kano da kuɗinsa ya turo mini ta akwatin sirri. Muna da zaman ƙungiya ranar Asabar, ina so in je da lissafin abin da kan sa ɗaya zai ci na gas, don shi za su fara tambayata.